Dutsen da ke Ƙarƙashin Gidan Baffa

2 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna da ƙafa, da fatan kumburin ya sauka. A gaishe min da Maman Biyu da 'yan biyunta, an ce sun fara tafiya. Ni lafiyata lau, sai kewar gida. Na daina wahalar da kai da waya tun da ƙarar injin haƙa ta cinye maka kunne, shi ya sa ka ga takarda.

An canza min sashe a wurin aiki. Yanzu ina ɗakin da ake gwada ruwan rijiyoyin burtsatse. Akwai wata iska da muke nema a cikin ruwa, sunanta radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, harshe ma ba ya jin ta. Daga cikin dutse take fitowa, musamman mai taurin nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, sai ta narke cikin ruwan da ke kwance a tsagoginsa. Ranar da shugaban sashenmu ya ajiye samfurin dutsen a kan tebur, nan take na gane shi, don irin tsakuwar nan ce sak da kake adanawa a gwangwani a kan tagarka, wadda ka ce daga rijiyar gidanmu ta fito.

Ga kwalba na haɗo da wasiƙar nan. Ka buɗe famfon bakin rijiya, ka bar shi ya ɗan zuba, sannan ka cika ta a hankali har ta tumbatsa, kada ka bar gurbi ko kaɗan. Ka rufe, ka ba direban motar saƙo a ranar.

Kada ranka ya ɓaci, Baffa. Ba raina aikinka na yi ba.

'Yarka.

8 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ƙafar Innarki da sauƙi, bakinta ne dai bai taɓa ciwo ba. Da na karanta mata cewa akwai iska a ruwan gidan nan, sai ta ajiye kofin da ke hannunta ta ce, “Ni dama na sha jin motsi a tankin nan!” Da ƙyar na fahimtar da ita cewa iskar shaƙa kike nufi, ba waccan ba. Har yanzu dai sai ta yi bisimilla sau uku kafin ta taɓa famfo.

Raina bai ɓaci ba, amma bari ki ji yadda aka samo ruwan da za ki gwada. Kina goye aka yi aikin. Ni da mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, muka kafa inji a tsakar gidan nan, kowa na cewa asarar mai kawai za mu yi. Mita goma sha biyu ƙasa ce, daga nan sai dutse. Kwana ashirin da biyu muna cin sa, haƙoran inji uku suka gundule. Abin da ke fitowa gari ne fari, busasshe ƙamas, in kika murza shi a tafin hannu sai ki ga yana ƙyalli. A mita casa'in da huɗu sai ƙarar injin ta canza. A lokacin kunnena na nan. Na ce wa Yaya, “Matsa baya.” Bai gama ɗaga ƙafa ba ruwa ya taso ya wuce tsawon katanga, sanyi kamar ƙanƙara. Yaya ya tsaya a ciki da rigarsa yana dariya yana kuka.

Ni fa har yau in na sha sai na tuna cewa wannan ruwan bai taɓa ganin rana ba sai da na buɗe masa ƙofa. Tun yaushe yake kwance a can cikin duhu? Allah kaɗai ya sani. Ruwan da ya ratso mita tamanin na dutse, me zai rage a cikinsa?

Ga kwalbarki nan. Ki gwada, ki nuna wa manyanki.

Baffanki.

22 ga Maris

Baffa,

Gaisuwa mai yawa gare ka da mutanen gida. A gurguje nake rubutu, direba na jira. Kwalba ta iso jiya, na saka ta a na'ura da safen nan. Albishirinka, abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, bai kai a damu ba. Hankalina ya kwanta. Labarin ranar da ruwa ya taso na karanta shi sau uku, ban san Baba ya yi kuka ba. Ka ce wa Inna bisimilla ɗaya ma ta isa.

'Yarka.

30 ga Maris

Uwata,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, sai ɗaya daga cikin 'yan biyu da ke fama da haƙori.

Takardarki ta zaga layin nan kaf. Gidaje bakwai ne suka ja bututu daga rijiyata, duka bakwai ɗin na shiga na karanta musu. Tela ya ce in ba shi ya manna a shago, na hana.

Na ji daɗi da na yi amfani da hankalina wajen cika kwalbar. Kin ce daga famfo, amma ranar an daɗe ba a kunna inji ba, na ji tsoron kada ɗan yashi ya biyo ya ba ni kunya a gaban manyanki. Sai na ɗebo daga duron da ya kwana a buɗe ya kwanta, na tace da farin ƙyalle sau biyu. Direba kuma ya ba ni haƙuri, wai motarsa ta yi kwana goma a gareji da kwalbar a ciki. Na ce masa ba komai, ruwa ba ya ruɓewa.

Ga wani labari. Kin san tsohon ɗakin famfo, wanda aka gina a kan bakin rijiya, inda mahaifinki ya mayar wurin zamansa da rediyonsa bayan ya bar aiki. Maman Biyu ta mai da shi ɗakin wanki, tana wanke zannuwan gadon wani masauki da ke bakin titi. Maƙwabcinmu na gini, ƙurar siminti na shigowa ta taga tana ɓata mata fararen kaya. Na so in toshe tagar tun tuni, maganar iskarki ta sa na dakata. Da sakamako ya zo sai na sa bulo na rufe ta ruf, na kuma ɗaura mata famfo mai feshi da tukunyar ruwan zafi. Yanzu tun safe har la'asar tana ciki, yaran na barcinsu a kan tarin zannuwa, ko ƙwayar ƙura babu.

Baffanki.

3 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa, Allah ya ba yaro lafiya. Don Allah kafin ka gama karanta wannan, a buɗe ƙofar ɗakin wankin nan a bar ta a buɗe, a fitar da yara.

Sakamakon da na aiko maka ba daidai ba ne, kuma laifina ne. Labarinka ya ɗauke min hankali, ban duba kwanan watan da ke saman takardar ba. Aikina ne in duba, ban duba ba.

Bari in faɗa maka halin wannan abu. Ba ya zama. Kowane kwana huɗu, ko ƙasa da haka kaɗan, rabinsa ya rikiɗe ya zama wani abu daban. Bayan wasu kwana huɗun rabin ragowar ya tafi. Ko a cikin kwalba a rufe haka yake yi. Zafi ba ya sa shi sauri, sanyi ba ya tsayar da shi, babu wanda ya isa ya ce masa dakata. Kwalbarka ta yi mako biyu kafin ta shiga na'ura, ka ga ko kashi ɗaya cikin goma bai rage ba. Kafin nan ma, ruwan da ya kwana a buɗe aka kuma tace shi ya riga ya saki mafi yawansa. Duk da haka na'ura ta ga saura. Wannan sauran ne ya hana ni sukuni.

Ka san yadda lemon kwalba ke sakin iskarsa in an girgiza shi? Haka ruwan ke yi in an fesa shi ko an dafa shi. A fili, iska ta kwashe, shi ke nan. A ɗakin da ba taga kuwa, taruwa take yi. Shan ruwan ba shi ne babban abin tsoro ba, shaƙar ce. Ba ta sa tari yau ko gobe, amma wanda ya shekara da shekaru yana shaƙa a rufaffen ɗaki, tana iya jawo masa ciwon daji a huhu.

Ga wata kwalbar. Wannan karon yadda na ce, Baffa, ko da yashi.

'Yarka.

12 ga Mayu

Baffa,

Sallama da gaisuwa. Yau kwana talatin da tara ban ga takardarka ba, ban ga kwalba ba. Na kira Maman Biyu, ta ce kowa lafiya, ƙofa a buɗe take, yara na tsakar gida wurin Inna. Amma ta ce ka rage cin abinci, kuma kullum bayan azahar sai ka ɗauki kujera ka zauna a bakin ɗakin wanki kai kaɗai. In maganata ce ta yi kaushi, ka yafe min. Ni ce na yi kuskure, ba kai ba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka.

20 ga Mayu

Uwata,

Na amsa gaisuwarki. Jiki lafiya.

Na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa. Ba fushi nake ba. Layi ɗaya ne a takardarki ta Afrilu na kasa wucewa, inda kika ce wanda ya shekara da shekaru a rufaffen ɗaki.

Shekara goma sha ɗaya Yaya ya yi a ɗakin nan. Ni na ba shi mabuɗi. Ni na ce masa ya fi ko'ina sanyi a gidan. Yana son ya ji ƙarar ruwa na hawa bututu, yakan ja ƙofa don kada rediyo ya dami mutane. Kin kuma san abin da likita ya ce ya gani a hoton ƙirjinsa.

Na karanta layin nan na ce, yarinyar nan ta daɗe da sani. Ta rasa yadda za ta faɗa wa ƙanin ubanta ne, shi ya sa ta biyo ta hanyar kwalba. In haka ne, Uwata, ki faɗa min kai tsaye, ni ba yaro ba ne. Rijiyar da na haƙa ce ta kashe ɗan'uwana?

Kwalbar na nan a kan taga, ban cika ta ba. Na kasa.

Baffanki.

24 ga Mayu

Baffana,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sanyaya maka zuciya. Wallahi da na rubuta layin nan Maman Biyu da yaranta kawai nake gani. Sai da na karanta takardarka na zauna a kan matakalar ofis na yi kuka, don ni ban haɗa ba sai yanzu.

Ka ce in faɗa maka kai tsaye. Ban sani ba. Babu likita ko na'urar da za ta iya duba ciwon mutum ɗaya ta ce ga abin da ya kawo shi. Baba ya sha taba shekara talatin kafin ya bari, kai ma ka sani, kuma ita ce ta fi komai kawo irin wannan ciwo. Ko ɗakin ya ƙara wani abu a kai? Mai yiwuwa ne. Ba zan yi maka ƙarya in ce a'a ba, na riga na taɓa ba ka labari mai daɗi wanda ba gaskiya ba. Amma ba ka san da iskar ba, shi ma bai sani ba, duk garin ba wanda ya sani. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin Baba cikin natsuwa kamar a ɗakin nan ba.

Kada ka ba direba kwalbar. Ka cika ta da asuba ka shigo mota da ita da kanka, kafin magariba kana nan. Akwai abin da nake so ka gani da idonka.

'Yarka.

15 ga Yuni

Uwata,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, na samu kowa lafiya. Innarki ta ce kin rame, a hoto ta gani, wai ki riƙa cin abinci. Ki gaida shugabanku, mutumin kirki, da ya ba ni kujerarsa.

Kin yi ta tambayata a tasha me ya sa na yi shiru. A gaban mutane ba zan iya ba, ga shi yanzu a takarda.

Lambar da na'ura ta nuna ba ta girgiza ni ba sosai. Kin ce ta ninka abin da ake so sau da yawa, na ga fuskar shugabanku, na gane. Lamba dai lamba ce. Akwatin gilashin nan ne, wanda kuka ce na koyar da ɗalibai ne, mai sanyi a ƙasa da ɗan hazo a ciki. Da kika zuƙo iskar saman ruwana da sirinji kika tura ciki, kika ja labule kika haska fitila ta gefe, na ɗauka wasa ne. Sai ga wani ɗan farin zare ya fito tsaf daga inda babu komai, gajere, miƙaƙƙe, ya tsaya kamar ƙiftawar ido ya narke. Sai wani ta can. Sai biyu tare. Kafin in gyara tabarau akwatin ya cika da su, suna fitowa suna ɓacewa ta ko'ina, ba ƙara, ba hayaniya.

Kika rubuta min a takarda, saboda kunnena, cewa kowane zare ƙwaya ɗaya ce ta fashe, ƙwayar da ta fi ƙarfin ido. Kika ce asalinta wani ƙarfe ne a cikin dutsen, wanda ke narkewa a hankali tun kafin a yi mutum, tun kafin a yi itace, kuma har yanzu rabinsa kawai ya tafi. Na karanta sau biyu. Uwata, shekara arba'in ina fasa dutse, ina zaginsa in ya cinye min haƙorin inji, na ɗauka shi ne abin da ya fi komai mutuwa a duniya. Ashe aiki yake yi. Ina barci a kansa yana aiki, ina sallah a kansa yana aiki. Na ce Subhanallahi. Da Yaya na nan da sai an fitar da shi daga ɗakin nan da ƙarfi, kin san shi da son kallon abu.

Maganarsa kuwa, na bar wa Allah. Wasu ranakun ina jin sauƙi, wasu ba na ji. Na gode da ba ki rufe ni ba.

Ga abin da aka yi. Bulon da na sa da hannuna na cire da hannuna, na kuma fasa wata tagar a bangon da ke kallonta, iska na ratsawa. Mai walda ya ɗaga min tanki a waje yadda kika zana, ruwa na faɗowa ta faranti uku masu huji-huji kafin ya taru, daga nan ne yake shiga gida da sauran gidajen. Maman Biyu ta dawo da wankinta ƙarƙashin rumfa, tana mitar ƙura, na ce ta yi ta yi. Gidaje bakwai ɗin nan na sake shiga ɗaya bayan ɗaya na ce musu takardar farko kuskure ce. Tela ya ce, “To da na manna fa?” Na ce da ka ɓamɓare.

Saura abu ɗaya. A hanyar dawowa ina kallon duwatsu ta tagar mota, sai na fara ƙirga rijiyoyin da na haƙa a cikin irin wannan dutse. Arba'in da ɗaya ne. Na san inda kowace take, na san zurfinta. Uku a makarantu suke, ɗaya a gidan marayu, wasu an gina ɗaki a kansu kamar tawa. Ba wanda ya san su duka sai ni, kuma shekaruna saba'in da uku.

Ki tambayi shugabanku ko zai yarda. In ya yarda, ki aiko da kwalabe, shida-shida, don abin da zan iya ɗauka a rana ke nan. Ni zan cika, ni zan kawo. Na sayi alƙalamin da ba ya gogewa, zan rubuta rana da sa'a a jikin kowace.

Baffanki.